Masu Aikin Sa Kai da Tsuntsayen Fadamun Haɗeja da Nguru

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsuntsaye suna yin tafiye-tafiye. Idan bazara ta yi nisa, manomi kan ɗaga kai ya dubi manyan itatuwan gari, domin saukar shamuwa alama ce ta cewa damina ta kusa. Shamuwa tana yin sheƙarta a tsakiyar ƙauye, kusa da gidajen mutane. Ba a jifan ta, ba a kuma ɗibar ƙwanta. Idan kaka ta yi, sai ta tashi da 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka.  Al'ada ce ta kare ta, ita kuwa tana biyan ladan masauki ta hanyar cinye fara da sauran ƙwarin gona.

Sai dai akwai tsuntsaye da yawa da al'ada kaɗai ba ta isa ta kare su ba. Abin da ke yi musu barazana ya wuce jifan yara. Akwai ƙafewar ruwa, da sarar daji, da guba, da fataucin sassan jikinsu. Saboda haka ne aka sami ƙungiyoyin mutanen da suke ba da lokacinsu ba tare da albashi ba, suna ƙidayar tsuntsaye, suna gyara wuraren zamansu, suna kuma kai kukansu gaban hukuma. A arewacin Nijeriya, wurin da aka fi ganin wannan aiki shi ne fadamun Haɗeja da Nguru.

Fadama da baƙinta

Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Idan kogunan biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai su tarar da tsofaffin tuddan rairayi a gabansu. Daga nan sai ruwan ya rarrabu, ya bi ƙananan hanyoyi, ya malale kwari, ya bar tafkuna da tsibirai, kafin ya sake haɗuwa ya zama kogin Yobe wanda ke zuba a Tafkin Cadi. Ambaliyar takan kai ƙarshen ƙarfinta a watannin Agusta da Satumba, sa'an nan ta riƙa janyewa sannu a hankali har cikin rani.

Wannan cika da janyewa su ne rayuwar yankin. Hausawa da Barebari da Badawa suna noman shinkafa a cikin ruwa, idan ya janye kuma su shuka wake da kayan lambu a kan laima. Masunta suna kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyayi. Fulani suna kawo shanunsu da rani, lokacin da ciyawar tudu ta bushe. Daga dajin ake samun itacen girki, da kabar saƙa tabarma, da 'ya'yan goruba.

Masana sun ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 370 a waɗannan fadamu, cikin fiye da 900 da ake samu a Nijeriya baki ɗaya. Wasunsu 'yan gida ne, kamar kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela. Wasu kuwa baƙi ne daga Turai da yammacin Asiya. Suna yin ƙwai a can, idan sanyi ya gabato sai su tsallako Bahar Rum da hamadar Sahara. Bayan wannan doguwar tafiya, fadamun da ke bakin hamada su ne ruwa na farko da suke tararwa. Cikinsu akwai agwagin daji, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa, da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari. Sukan zauna daga wajen Oktoba zuwa Maris. Kafin su koma, dole ne su ci su tara kitse, domin kitsen nan shi ne guzurinsu na ƙetare hamada. Idan fadama ta bushe, guzuri ba zai samu ba, kuma da yawa ba za su isa gida ba.

Asalin ƙungiyoyin sa kai

Aikin kare tsuntsaye ta hanyar ƙungiya ya samo asali ne a ƙarni na 19. A shekarar 1889 wata mata mai suna Emily Williamson ta kafa ƙungiya a Manchester ta ƙasar Ingila, don yaƙi da kashe tsuntsaye da ake yi saboda a ƙawata hulunan mata da gashinsu. Da farko mata ne kawai membobinta. Ita ce ta zama ƙungiyar RSPB, kuma da ƙoƙarinta aka yi dokar hana shigo da irin wannan gashi a 1921. A Amurka kuma, a shekarar 1900 Frank Chapman ya ba da shawarar a maye gurbin gasar harbin tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti da ƙidayarsu. A 1922 aka kafa majalisar da ke haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi na ƙasashe daban-daban, wadda daga baya ta koma BirdLife International. Tsarinta shi ne ƙungiya ɗaya ta wakilci kowace ƙasa, kuma tana da wakilai a ƙasashe fiye da 100.

Wani abu da ya faru a 1969 ya nuna amfanin wannan haɗin kai. A wannan shekara masu ƙidayar sa kai a Ingila suka lura cewa wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya tak. Da aka bincika, sai aka ga babu wani abin da ya sauya a Ingila. Dalilin yana yankin Sahel, inda tsuntsun ke yin hunturu, kuma inda aka shiga farin da ya kai ga babbar yunwa a farkon shekarun 1970. Daga nan masana suka fahimci cewa ba shi yiwuwa a kare tsuntsu mai ƙaura a ƙasa ɗaya kawai. Wanda ke son ganinsa a Turai, tilas ya damu da ruwan Nguru.

Abin da ya sami fadamar

Ba fari kaɗai ne ya rage ruwan ba. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Calawa. An gina su ne domin noman rani da samar wa birnin Kano ruwan sha, kuma babu shakka sun amfani mutane masu yawa. Amma sun sauya halin kogin Haɗeja. A shekarun 1960 ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A shekarun 1980 ta koma ƙasa da 1,000.

Wata matsalar ma ta fi wannan wuyar magani. Da can kogin yana cika da damina, ya kusan ƙafewa da rani. Bayan gina madatsun, sai aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi ne ciyawar kacalla take so, domin tana bunƙasa a ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Sai ta bazu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu rassan kogin, kamar Burum Gana, suka cushe, garuruwan da ke bakinsu suka rasa ruwa. Ruwan da ya rasa hanya kuma ya karkata ta mashigin Marma zuwa wajen Nguru, ya mamaye gonaki da makiyaya. Wato a yanki ɗaya wasu na kukan ƙishirwa, wasu na kukan ambaliya.

Kacalla ta cutar da tsuntsayen ruwa, domin agwagin daji suna buƙatar sararin ruwa, masu dogayen ƙafafu kuma suna buƙatar laka a fili. Amma ta yi wa tsuntsu ɗaya rana, wato jan baki. Wannan tsuntsu yana tafiya cikin garke na dubbai, yana kwana a cikin kacalla, da safe ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Idan ɓarnar ta yi yawa, gwamnati kan yi feshin magani da jirgin sama, maganin kuwa ba ya bambanta jan baki da sauran tsuntsaye. Saboda haka duk wanda ya zo wa manomin yankin da maganar kare tsuntsaye, tambayar farko da zai sha ita ce: waɗanne tsuntsayen?

Daga tsaron tsuntsu zuwa neman ruwa

Ƙungiyar da ke wakiltar BirdLife a Nijeriya ita ce NCF, wato gidauniyar kare muhalli wadda Cif S. L. Edu ya jagoranci kafa ta a 1980, mai hedkwata a Legas. A 1987 ta haɗa kai da RSPB da IUCN da wasu ƙungiyoyin waje aka kafa shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru. A 1989 Yarima Philip na Ingila, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar WWF ta duniya, ya ziyarci tafkin Dagona. A 1991 kuma Dagona ta shiga cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Cadi.

Da farko hankalin shirin yana kan tsuntsaye ne kawai. Ba a daɗe ba ma'aikatansa suka gane cewa gadi ba zai hana tafki ƙafewa ba, kuma mai jin yunwa ba zai saurari wa'azin agwagwa ba. Abin da tsuntsu ke buƙata shi ne abin da masunci da manomi da makiyayi ke buƙata, wato ruwa ya zo a kan lokacinsa, ya kuma janye a kan lokacinsa. Sai aikin ya koma auna ruwa da lissafin amfaninsa. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ake samu daga noma da su da itace a fadamar da abin da ake samu a babban shirin noman rani na kogin Kano. Suka gano cewa idan aka yi la'akari da yawan ruwan da kowanne ke sha, ribar fadamar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Wannan lissafi ya zama hujja a hannun masu neman a riƙa sakin ruwa daga madatsun yadda zai yi kama da ambaliyar asali, da kuma masu adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are.

A ƙauyuka kuma aka kafa ƙungiyoyin mazauna wuri. Membobinsu masunta ne da manoma da maharba da malaman makaranta da mata, kuma suna aiki da sanin dagaci ko bulama. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin gari ne ya san hanyar ruwan da ta toshe, da wanda ya sa guba a tafki, da itacen da zalɓe ke sheƙa a kai. Babban aikin da aka yi shi ne yankan kacalla ta hanyar gayya, kamar yadda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya. Ana shiga da kwalekwale da lauje, a yanke ciyawar a ƙarƙashin ruwa. Hikimar ita ce saiwar kacalla tana shaƙar iska ta cikin kararenta, don haka idan ruwa ya rufe kututturen sai ta ruɓe. Shirin Wings Over Wetlands, wanda ya gudana daga 2006 zuwa 2010, ya tallafa wa irin wannan aiki. Daga 2011 zuwa 2015 kuma wani shiri mai suna Living on the Edge ya haɗa ƙungiyoyin ƙauyuka na Nijeriya da Burkina Faso da Senegal da Muritaniya wajen dashen itatuwa da koyar da sana'o'in da ba sa cinye daji.

An sami sakamako a fannin doka da siyasa. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971 don kare dausayi. A 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya. A 2006 jihohi shida da ke amfani da kogunan, wato Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Borno, suka yi taro a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da ruwan. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take ba muhimmanci wajen zaman mutane da sauran halittu tare.

Ƙidaya da taswira

Ƙidaya ita ce ƙashin bayan aikin duka. Yarjejeniyar Ramsar tana ɗaukar wuri a matsayin mai muhimmanci ga duniya idan yana tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi ɗaya cikin ɗari na wani nau'i. Ba a iya tabbatar da haka sai da alƙaluma. Tun 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu. An zaɓi wannan wata ne domin a lokacin masu ƙaura sun riga sun sauka, ba su kuma fara komawa ba. Idan kowa ya yi ƙidaya a lokaci guda, ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu ba. Mai ƙidaya yana amfani da madubin hangen nesa. Idan garken ya yi yawa, sai ya ƙirga goma ko ɗari, ya riƙe girman wannan rukuni a idonsa, ya auna sauran da shi.

A 2001 aka buɗe cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Daga wannan cibiya aka fara shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsawo da 9 a faɗi. Mai sa kai yakan shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayar hannu. A Arewa, ɗalibai da malaman jami'a suka kafa tawaga mai suna Arewa Atlas Team, suna shirya fita tare zuwa wuraren da ba a taɓa rubuta tsuntsayensu ba. A 2022 mujallar kimiyya ta Ostrich ta buga bayanin yadda suka tara bayanai masu yawa cikin ɗan lokaci. Wannan ya nuna sauyi babba. A da, yawancin masu rubuta tsuntsayen Arewa baƙi ne. Yanzu 'yan ƙasa ne ke yi, kuma suna iya yi wa mutanen ƙauye bayani da harshensu.

Batun ungulu

Ba a fadama kaɗai ake fafutuka ba. Dattawan Kano da Katsina da Sakkwato suna tuna lokacin da ungulaye ke cika mahauta da kasuwa. A yau yaro kan girma a waɗannan birane bai taɓa ganin ungulu ba, sai dai ya ji ta a karin magana, kamar ungulu ba ta jewar banza. A 2015 IUCN ta sa nau'in ungulun Afirka huɗu, har da ungulun gari da aka saba gani, cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Manyan dalilan su ne gubar da ake sa wa mushe, da cinikin kai da ƙafafu da gashin ungulu don magani da tsafi. Ungulun gari ƙwai ɗaya take yi a shekara, saboda haka abin da aka kashe ba ya saurin dawowa.

Abin da ya faru a Indiya gargaɗi ne. A shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'in ungulun ƙasar, kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A Nijeriya, NCF ta bi hanyar zama da masu maganin gargajiya da 'yan kasuwa, tana ƙarfafa su su koma ga itatuwa da saiwoyi a madadin sassan ungulu. Masu sa kai kuma suna zagaya makarantu da gidajen rediyo, musamman a Asabar ta farko ta watan Satumba, wadda aka keɓe don tunawa da ungulu a duniya. Irin wannan ƙoƙari ake buƙata ga gauraka, wanda kamawa don ajiyewa a gidaje da lalacewar fadamu suka sa ya kusan ɓacewa daga Nijeriya.

Misali daga wata nahiya, da sauran aiki

Salon aikin iri ɗaya ne a ƙasashe masu nisa da juna. A Maleshiya akwai ƙungiyar MNS, wadda aka kafa a 1940, mai hedkwata a Kuala Lumpur, kuma ita ce wakiliyar BirdLife a can. A 1987 ƙoƙarinta ya sa aka mayar da wani dausayi na bakin teku a Kuala Selangor wurin da aka keɓe, bayan an yi niyyar mayar da shi filin wasan golf. Ta kuma fara shirya taron shekara-shekara a Tanjung Tuan, inda jama'a ke zuwa a watan Maris su kalli shahuna suna tsallako teku daga tsibirin Sumatra. Manufar ita ce a sa mutane su san darajar dajin da tsuntsayen ke sauka, don ya yi wuya a sare shi. Can da nan, matakan uku ne: a ƙidaya, a jawo mutanen wurin, sa'an nan a tunkari hukuma da hujja.

Duk da haka, matsalolin Haɗeja da Nguru ba su ƙare ba. Kacallar da aka yanka tana sake tsirowa muddin ruwa bai daina kwanciya duk shekara ba, kuma ikon buɗe madatsa ba a hannun mutanen ƙauye yake ba. Yawancin shirye-shiryen sun dogara da kuɗin waje, idan wa'adinsu ya cika sai wasu ƙungiyoyin su yi sanyi. Rashin tsaro da ya addabi arewa maso gabas tun daga 2009 ya hana masu ƙidaya shiga wasu wurare. Jama'a kuma suna ƙaruwa, buƙatar gona da itace tana ƙaruwa tare da su. Sa wuri cikin jerin Ramsar ko na UNESCO ba ya kawo ruwa da kansa. Abin da yake yi shi ne ba mutanen wurin takardar da za su riƙe idan za su tuna wa gwamnati alkawarinta. Ƙungiyoyin da suka fi daɗewa su ne waɗanda membobinsu suka ga amfanin aikin a cikin komarsu da rumbunsu, domin hanyar ruwan da aka buɗe don agwagwar daji, ita ce kifi ke bi, ita ce kuma ke kai ruwa gonar shinkafa.